Daga Katin Huji Zuwa Wayarka: Tarihin Abin Da Ke Mayar Da Rubutun Larabci Shirme



Yau tarihi za mu taɓa, amma irin tarihin da zai iya ceto maka takarda. Dubi waɗannan layuka huɗu da kyau:

ÇáÓáÇã
Ø§Ù„Ø³Ù„Ø§Ù…
□□□□□□
??????

Dukkansu kalma ɗaya ce aka rubuta, wato السلام. Uku na farko suna nan da ransu, ana iya dawo da su daidai yadda suke. Na huɗun kuwa ya riga ya mutu, sai dai a nemo asalin fayil ɗin. Idan ka san bambancin, ba za ka goge sunayen mutane ɗari biyar daga wayarka ba, kuma ba za ka lalata rahoton asibitin da aka turo wa mahaifinka daga Masar ba. Kowane irin shirme yana da zamanin da ya haife shi. In ka san zamanin, ka san maganin.

KWAMFUTA BA TA SAN BAƘI BA

Abu na farko da za ka riƙe: kwamfuta da waya ba su san harafi ba, lamba kawai suka sani. Idan ka rubuta A, lamba ce ake ajiyewa. Idan za a nuna maka, sai na'urar ta duba wani jadawali da ke cewa lamba kaza harafi kaza ce, sannan ta zana shi a allo. To, matsalar duk a nan take. Wanda ya rubuta ya yi amfani da jadawali ɗaya, wanda ke karantawa ya buɗe wani daban. Lambobin ba su canza ba, fassarar ce ta kauce. Kamar ka ba mutum kuɗi ka ce masa dubu goma ne, kai sefa kake nufi, shi kuma naira ya ɗauka.

1963 DA 1964: JADAWALI BIYU A GARI ƊAYA

A shekarar 1963 aka fitar da jadawalin ASCII a Amurka. Gurbi 128 gare shi: haruffan Turanci, lambobi, alamomin rubutu da wasu umarnin na'ura. Babu Larabci a ciki, babu ƙ, babu ɗ, ko haruffan Faransanci masu hula ba su samu shiga ba.

A watan Afrilun 1964 kamfanin IBM ya sanar da System/360, jerin manyan kwamfutoci masu cika ɗaki, waɗanda ake kira menfirem. Su ba su bi ASCII ba, nasu jadawalin suka zo da shi mai suna EBCDIC, mai gurbi 256. Dalili kuwa shi ne IBM ya daɗe yana sayar da injinan katin huji, wani kati mai layi 80 da ake huhhuda shi a ajiye bayanai. Bankuna da ma'aikatu suna da tulin waɗannan katuna, don haka aka gina sabon jadawalin a kan tsarin hujin.

Ga yadda suka saɓa. A ASCII, harafin A lamba 65 ne. A EBCDIC, 193 ne. Tazarar da ake bari tsakanin kalmomi a EBCDIC lamba 64 ce, ita kuma 64 ɗin a ASCII alamar @ ce. Shi ya sa idan ka buɗe fayil ka gan shi cike da @@@@@@ jere-jere, kar ka ce bairos ne. Ɗanyen fayil ne da ya fito daga menfirem ba a fassara shi ba.

Kar ka ɗauka waɗannan injina sun zama kayan gidan tarihi. IBM ya fitar da z16 a 2022, jika ne na System/360. Manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama da hukumomin gwamnati a ƙasashe da dama har yau a kansu suke ajiye bayanan mutane.

DA LARABCI YA ZO ƘOFA

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san baƙin Larabci ba ya zama da kama ɗaya. Babbaƙu 28 ne, amma yawancinsu suna da siffa har huɗu: a farkon kalma, a tsakiya, a ƙarshe, da kuma in yana tsaye shi kaɗai. Guda shida, wato alif, dal, zal, ra, zayi da wau, ba sa haɗuwa da wanda ke biye da su. Ga lam'alif da ke narkewa su zama abu ɗaya. Ga wasulla. Sannan rubutun daga dama yake tafiya zuwa hagu, amma lambobin da ke cikinsa daga hagu ake jera su.

Allunan da injinan buga takarda na wancan zamani ba su da wayon da za su duba baƙi su zaɓar masa siffa. Abin da aka ajiye shi suke zubowa, gurbi bayan gurbi. Sai IBM ya yi wa Larabci nasa reshen EBCDIC, jadawali mai lamba 420. A cikinsa aka cusa haruffan Turanci tare da siffofin babbaƙun Larabci, kowace siffa da lambarta. Wato ayn na farkon kalma da ayn na ƙarshen kalma lambobi ne daban-daban. Ƙari a kan haka, tsare-tsare da yawa sun riƙa ajiye rubutun a jeren da ido ke gani a takarda, ba a jeren da baki ke furtawa ba.

A lokacin dabara ce mai kyau, takarda tana fita tsaf. Amma yau idan aka kwaso wannan bayanin aka zuba a kwamfutar zamani, abu uku na iya faruwa. Ko dai ya fito shirme zalla saboda an karanta da jadawalin Turawa. Ko ya fito da Larabci amma a juye, baƙin ƙarshe ya koma farko, domin sabuwar manhaja ta sake juya abin da aka riga aka juya. Ko kuma ya fito da kyau a ido, amma ka nemi sunan mutum ta ce maka babu shi, saboda siffofi aka ajiye ba asalin babbaƙu ba.

MU MA A ZARIYA BA BAƘON ABU BA NE

Kafin mu ci gaba da kwamfuta, bari mu ɗan dawo gida, don wannan rigimar ta riga kwamfuta zuwa garin nan.

Kakanninmu da Ajami suka rubuta Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da shi ta yi waƙoƙinta na Hausa. Alƙalami ba shi da gurbi 128, duk sautin da malami ya ga Larabci ba shi da shi, sai ya ƙara ɗigo ya samar masa da baƙi. Da Turawa suka zo da boko, Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Nan fa aka ci karo da sautukan da haruffan Turanci ba su da su. Da farko ɗigo ake sawa a ƙarƙashin harafi ko wata 'yar alama a gefensa. A shekarun 1930, lokacin da Dakta Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a nan Zariya, aka tsaya a kan masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, sannan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945.

A maɗaba'a irin ta lokacin, kowane harafi ɗan ƙarfe ne da ake zubawa. In ba a ƙera wa ƙ nata ƙarfen ba, to ba za ta fito a jarida ba, duk iya Hausar marubuci. Mai tafireta da injinsa ba shi da ita, sai ya buga k, daga baya ya ɗauki biro ya lanƙwasa mata kai, ko ya bar ta haka mai karatu ya yi ta canka ko baki ake nufi ko baƙi. Ka ga ai matsala ɗaya ce da ta menfirem: harafin da ba a tanadar masa gurbi ba, na'ura ba ta san da zamansa ba.

ZAMANIN KOWA DA NASA

Mu koma kan Larabci. A shekarun 1980 ƙananan kwamfutoci suka shigo ofisoshi da gidaje, kowa ya shiga yin nasa jadawalin. Hukumar daidaita ma'auni ta ƙasashen Larabawa ta fitar da ASMO 449 a 1982, sai ASMO 708 a 1986, wanda ya zama ISO 8859-6 a 1987. IBM yana da 864 na kwamfutocin DOS. Microsoft yana da 720 na DOS, daga baya ya kawo Windows-1256. Apple ma da nasa. Duk Larabci ne, amma lambar da ke nufin lam a wannan tana nufin wani abu a wancan.

Wanda ya fi bazuwa shi ne Windows-1256, saboda yawan masu Windows. Shi ne uban layin farko da na nuna maka. A jadawalin, alif lamba 199 ne. A jadawalin Turawan Yamma, Windows-1252, lamba 199 ita ce Ç. Lam 225 ne, can kuma á ce. Shi ya sa duk rubutun da ka ga ÇÇ da áá sun yi masa yawa, alif da lam ne ke ta maimaituwa. Tsofaffin fayilolin karatun Alƙur'ani da wa'azi da ake turawa a memori, da yawansu da wannan jadawalin aka rubuta sunayensu na ciki. Shi ya sa manhajar sauti take nuna maka sunan sura kamar an watsa tsakuwa.

UNICODE: KOWANE HARAFI DA LAMBARSA

A ƙarshen shekarun 1980, Joe Becker na kamfanin Xerox da Lee Collins da Mark Davis na Apple suka fara aikin jadawali ɗaya tilo da zai ɗauke rubutun duniya baki ɗaya. Aka kafa ƙungiyar Unicode a 1991, kundin farko ya fito a Oktoban shekarar. A nan an gyara kurakurai biyu na baya. Baƙi ɗaya lamba ɗaya, na'ura ce za ta zaɓar masa siffa lokacin nunawa. Sannan a ajiye rubutu a jeren da ake furta shi, na'ura ta san inda za ta juya. Tsofaffin siffofin nan ma an ba su wani lungu a jadawalin, don kawai a iya kwaso bayanan tsofaffin injina.

A Satumban 1992, Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da ake ajiye lambobin Unicode a fayil. Harafin Turanci yana cin bayit ɗaya, daidai da ASCII, baƙin Larabci yana cin biyu. Yau kusan duk shafukan intanet da shi suke aiki.

To ga uban layi na biyu. Idan tsohuwar manhaja ta karanta UTF-8 da jadawalin Turawa, kowane baƙi sai ya rabe biyu. Alif ya zama Ø§, lam ya zama Ù„. Duk inda ka ga Ø da Ù suna bin juna, ka san labarin. Hausar boko ma ba ta tsira ba: ƙasa takan koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki.

AJAMI YA DAƊE A BAKIN LAYI

Haruffanmu masu lanƙwasa sun samu gurbi a Unicode tun farkon shekarun 1990. Ajami ne ya sha jira. Rubutunmu na allo ya bi tsarin Warshu: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala da ke ba da wasalin e, ga babbaƙun da malamanmu suka ƙirƙira. Jadawalin farko Larabcin gabas ya fi kula da shi.

A hankali aka riƙa ƙarawa. A 2005 aka buɗe wani sashe na ƙarin babbaƙu da ya ɗauki harsunan Afirka da dama, ɗigon imala ma ya shiga. A 2012 aka sake buɗe wani. A 2016 aka saka fa da ƙaf da nun irin na Warshu. A Maris na 2020, Unicode 13 ya ƙara wasu babbaƙun da ake rubuta Hausa da Wolof da su. Lissafa ka gani: kusan shekara 30 tsakanin kundin farko da wannan. Ba wai baƙin ne bai wanzu ba. Unicode ba ya saka harafi sai wani ya rubuta buƙata, ya haɗa da hotunan littattafan da aka yi amfani da shi. Shi ya sa rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello da zaurukan malamai na cikin birni suke da amfani har ga mai gyaran waya. Su ne shedar da ake kafawa.

Gurbi kaɗai kuma bai isa ba, sai da font, wato zanen da na'ura za ta nuna. Nan ne layi na uku ya fito. Akwatuna □□□ na nufin lambar daidai take, jadawalin daidai yake, hoton baƙin ne babu a na'urar. Ƙungiyar SIL ta yi font mai suna Alkalami a kan salon rubutun Kano, da wani mai suna Harmattan na Afirka ta Yamma, duka kyauta ne.

DA WAYA TA SHIGO

Layin GSM ya fara aiki a Nijeriya a 2001. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in duk suna cikin ƙaramin jadawalin GSM. Ka saka baƙin Larabci ɗaya ko ƙ guda ɗaya tak, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal. Saƙon da za a caje ka kuɗin shafi ɗaya ya zama biyu ko uku. Wayoyin Android na farko-farko kuma da yawa suna nuna Larabci a warwatse, baƙi bai haɗu da baƙi ba. Sai a Android 4.2 na 2012 aka samu cikakken tsarin allo na dama zuwa hagu.

A teburin gyara, inda abin ya fi fitowa shi ne wajen kwashe lambobi daga tsohuwar waya zuwa sabuwa. Sunan da aka ajiye da Larabci sai ya fito kamar =D8=A7=D9=84. Wannan ma UTF-8 ne, an dai rubuta lambobinsa a fili. Sunan na nan, kar a goge.

TO YANZU YA ZA KA YI?

Doka ta farko, wadda ta fi duk sauran: in ka buɗe fayil ka ga shirme, kar ka danna Save. Rufe shi, ka kwafi wani, ka yi gwaji a kan kwafin. Layi na huɗu, alamomin tambaya ɗin nan, galibi haka ake haifar da shi. Manhaja ta tashi ajiye baƙin da jadawalinta bai sani ba, sai ta maye gurbinsa da ?, lambar asali ta tafi har abada. Babu mai gyaran da zai dawo da ita, ko a Kano ko a Dubai.

1. In ka ga Ç da á: buɗe kwafin da Notepad++, ka shiga Encoding, Character sets, Arabic, ka zaɓi Windows-1256. In bai daidaita ba gwada ISO 8859-6 ko OEM 720. Da Larabci ya bayyana, danna Convert to UTF-8 sannan ka ajiye. In fassarar fim ce a VLC, a saitin rubutun ƙasan allo za ka canza jadawalin zuwa Windows-1256.

2. In ka ga Ø da Ù: fayil ɗin UTF-8 ne. In na Excel ne irin CSV, kar ka buɗe shi da dannawa biyu. Buɗe Excel tukuna, ka shiga Data, From Text/CSV, a wajen File Origin ka zaɓi 65001.

3. In akwatuna ne: font za ka saka, ko ka buɗe a wata na'urar da ta fi sabunta. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau.

4. In @@@ ne, ko ka san takardar daga babbar kwamfutar banki ko ma'aikata ta fito: mafi sauƙi ka roƙi wanda ya turo ya fitar maka da ita a UTF-8, a yaren menfirem lambarsa 1208, ko ya ba ka PDF in karantawa kawai za ka yi. In ɗanyen fayil ne dole, a turo shi yadda yake ba tare da manhajar turawa ta fassara shi a hanya ba, don sau da yawa da jadawalin Turanci take fassarawa. Sannan a Linux ka rubuta:

iconv -f IBM420 -t UTF-8 tsoho.txt > sabo.txt

5. In bayan haka rubutun ya fito a juye, kar ka sa wata manhaja ta juya layin gaba ɗaya. Kalmomin za su daidaita, amma lambobi su birkice. Shekarar 1445 ta koma 5441, kuɗi 1500 ya koma 0051. A takardar asibiti ko ta banki ko lambar fasfo, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin ido zai ga Larabci ya yi kyau ya ɗauka komai ya gyaru. Ka gwada kowace lamba da wata takardar da ka tabbatar da ita, in kuma akwai mai karanta Larabci kusa, ba shi ya duba maka sunaye.

Kai kuma da kake rubuta naka yau, malami ne kai mai buga darasin Islamiyya, ko ɗalibi mai kundin digiri, ko mai tattara waƙoƙin kakansa na Ajami, ka ajiye komai a UTF-8. Ka guji tsofaffin font ɗin nan da ke ɗora ƙ a kan maɓallin q ko x, domin ranar da font ɗin ya ɓata, q da x za su rage a littafinka. Sa allon rubutu na Hausa a wayarka, Gboard yana da shi, ka rubuta ƙ ta gaskiya. Kuma duk lokacin da ka sauya wa fayil jadawali, ka adana na asalin a wani wuri daban. Jikanka zai buɗe shi da na'urar da ba a ƙera ba tukuna.

Wanda ya ci karo da wani irin shirmen da ban kawo ba, ya ɗauki hoton allon kawai, ya rufe sunaye da lambobin sirri, ya turo mu duba tare. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.